Kason Ƙungiya: Yadda Ake Lissafa Shi da Haɗa Shi Kafin Neman Tallafin Rabon Kayan Gona

Idan sanarwar tallafi ta fito daga gwamnatin jiha, ko daga wani shiri da jiha ke gudanarwa da kuɗin Bankin Duniya, idon kowa kan tafi ne ga yawan kuɗin da za a bayar. Sakataren ƙungiya ba nan ya kamata ya fara ba. Ya nemi layin da ya faɗi abin da ƙungiya za ta ɗora daga aljihunta, wanda ake kira kason ƙungiya, wasu kuma su ce kuɗin haɗin gwiwa. Ƙungiyar da ke raba taki da iri da maganin feshi a ƙauyuka tana iya zama da rajista, da mambobi na gaske, da sito mai kyau, amma a tsallake sunanta saboda kasonta bai cika ba, ko kuma ya cika amma ta kasa nuna inda ya fito.

Ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ake gindaya wa wannan sharaɗi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta kawo rabin kuɗin aiki kafin ta karɓi nata daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kuma an sha jin kuɗin jihohi na kwance a Abuja saboda ba su kawo nasu ba. Dalilin ɗaya ne a sama da ƙasa. Injin da aka ba gari kyauta, ranar da bel ɗinsa ya tsinke sai a zauna jiran gwamnati. Wanda mutum 40 suka yi karo-karo a kansa kuwa, kafin la'asar an tura yaro sayen bel.

Rabon ba iri ɗaya ba ne

Misalin da manoman Kura da Bunkure da Auyo suka fi sani shi ne shirin tallafa wa manoma na Fadama III, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2008. A tsarinsa, aikin da jama'a za su amfana da shi tare, kamar sito ko rumfar kasuwa ko kwalbati, shiri ne ya riƙa biyan kashi 90 cikin 100, al'umma ta kawo 10. Kayan aiki irin su injin ban ruwa da injin niƙa, shiri 70, ƙungiya 30. Taki da iri kuwa, waɗanda ke ƙarewa cikin damina ɗaya, rabi da rabi ne. Haka aka yi a shirin tallafin taki da iri na GES da aka fara a 2012 lokacin Akinwumi Adesina na ministan gona, inda manomi ke biyan rabin kuɗin buhu biyu na taki, tarayya da jiha su raba sauran. Tallafin noman alkama na rani da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023 shi ma rabin farashi aka yi.

Ka lura da yadda abin ke tafiya: gwargwadon yadda kaya ke zama na mutum ɗaya kuma yake saurin ƙarewa, gwargwadon yadda kason mai karɓa ke ƙaruwa. Wannan bai yi wa ƙungiyar rabo daɗi ba, don asalin aikinta shi ne taki da iri, wato ɓangaren da ya fi nauyi. Kowane sabon shiri da nasa rabon, saboda haka abin da ke rubuce a takardar sharuɗɗa shi za a bi, ba abin da aka saba ba, ba kuma abin da wani ya ji a rediyo ba.

Akwai tambaya ɗaya da za a yi wa jami'in shiri, a kuma nemi amsarta a rubuce: kashi 30 ɗin nan, na me? A ɗauka tallafin naira miliyan 10 ne. Idan kashi 30 na tallafin ake nufi, kason ƙungiya miliyan 3 ne. Idan kuwa kashi 30 na jimlar aikin ne, kamar yadda aka fi yi, to miliyan 10 ɗin ita ce kashi 70, jimlar aiki ta zama naira 14,285,714, kason ƙungiya ya kama naira 4,285,714. Tsakanin lissafin biyu akwai giɓin sama da naira miliyan 1.2, kuma galibi ba a gano shi sai ranar da aka je sa hannu. Idan an ce naira a kan naira, to miliyan 10 ce za ku ajiye kafin ku ga miliyan 10. Hanyar lissafin mai sauƙi ce: a raba kuɗin tallafin da kason shiri, wato 70 a misalin nan, a ninka da 100, an sami jimla; a debe tallafin daga jimla, abin da ya rage shi ne naku.

Ga misalin ƙungiya mai mambobi 40 da ke son gina sito, ta sayi sikeli da gadajen katako da keken ɗaukar kaya, ta kuma sayo taki na farko. Alƙaluman na misali ne, rabon kuma irin na Fadama. Sito na naira miliyan 8, kason ƙungiya 800,000. Kayan aiki na miliyan 3, kaso 900,000. Taki da iri na miliyan 6, kaso miliyan 3. Jimlar aiki miliyan 17, kason ƙungiya miliyan 4.7, kowane mamba ya tashi da naira 117,500. Wanda ya ji an ce kashi 10 ne ya koma gida ya sanar da mutane cewa miliyan 1.7 za a tara, ya jefa ƙungiya cikin rigima tun kafin a aza bulo ɗaya.

Har yanzu lissafin bai ƙare ba. Kuɗin tallafi tsayayye ne, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi za a bayar, farashin kasuwa kuwa ba ya jiran kowa. Waɗanda suka karɓi takardar farashi a farkon 2023, kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu a kuma saki naira a Yuni, sun ga yadda siminti da kwano da taki suka bar takardunsu a baya. Idan kaya suka tashi da kashi 10 a aikin miliyan 17, ƙarin miliyan 1.7 ne, kuma dukansa a kan ƙungiya zai faɗa, ba kashi 30 ɗinsa ba. Don haka kuɗin ko-ta-kwana a kan jimlar aiki ake lissafa shi, ba a kan kaso ba. Ƙungiyar da ba za ta iya wannan ba, gara ta rage girman aikin tun a takarda: sito yanzu, keke baɗi. Ƙaramin aiki da aka gama ya fi babban da ya tsaya a linta.

Abin da ake ƙirgawa a matsayin kaso

Kaso iri biyu ne, na tsabar kuɗi da na kaya ko aiki. A aikin gini yawanci ana karɓar yashi da tsakuwa da ruwa da aikin gayya. A sayen inji da taki kuwa tsaba ake so, don dila ba ya karɓar yashi. Wasu shirye-shiryen kan ƙayyade iyakar abin da za a biya da kaya, sai a tambaya tun farko.

Aikin gayya ba ya zama kuɗi sai an rubuta shi. A buɗe littafi daban: kwanan wata, sunan wanda ya zo, aikin da ya yi, sa hannu ko dangwale, sannan sa hannun mai kula da ginin a ƙasan shafi kowace rana. A yi wa yini farashi da abin da ake biyan lebura a garin, kada a ɗauko na Kano birni a liƙa wa ƙauye. Mutum 20 da suka yi kwana 15, a naira 3,000 a yini, sun kawo 900,000, wanda ya wuce kason siton da ke misalinmu. Amma in babu littafin nan, injiniyan shiri ba shi da abin da zai kai wa akanta, sai aikin ya tafi a ladan Allah kawai. Yashi a ƙirga shi da tifa ko da amalanke, a rubuta kowane sawu ranar da aka sauke, a ɗauki hoto da waya. Kada a ƙara farashi don a cike giɓi. Masu duba aiki sun san kuɗin tifar yashi a yankin sarai.

Fili shi ne mai tsaurin. Wani shirin ba ya ƙirga shi ko kaɗan, yana ɗaukarsa sharaɗi ne kawai. Inda ake ƙirgawa kuma, takarda ake nema, ba baki ba. Idan kyauta ce, a rubuta takardar kyauta da sunan ƙungiya, da iyakokin filin ta kusurwa huɗu, da shaidar mai unguwa da dagaci. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, duk magada su sa hannu, har matan da ke aure a wasu garuruwa. Babban wa shi kaɗai ba ya isa, kuma ƙara ɗaya a kotun shari'a ta wadatar a dakatar da aikin. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, sai a bi ta can a ƙarasa. Sito da aka gina a harabar gidan shugaba, ko da da kyakkyawar niyya, ranar da aka sauya shugabanci sai an kai ruwa rana.

Abubuwan da galibi ba a karɓa: kuɗin da aka kashe kafin a sa hannu a yarjejeniya, kuɗin wani tallafin gwamnati da aka juyo, kuɗi ɗaya da aka nuna wa shiri biyu, da alƙawarin wani Alhaji cewa zai cika in lokaci ya yi. Na farkon nan ya fi cin mutane. Zumuɗi kan sa a fara buga bulo da zarar an ji sunan ƙungiya ya fito, daga baya a ce ba ya cikin lissafi.

Tara kuɗin

Lokacin tara kaso kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da riɗi da zoɓo da gyaɗa da shinkafa ke hannu. Masu noman rani suna da dama ta biyu bayan girbin alkama da albasa. Wanda ya jira sai sanarwa ta fito a Mayu ko Yuni, ya je ya tarar da mutane suna neman na iri da na cefane, ba zai tara komai ba. Ƙungiyar da ta san tana son tallafi baɗi, a kakar bana take fara tari.

Ana iya karɓar hatsi a madadin kuɗi, amma da ƙa'ida. A auna a sikeli gaban mai shi, a ba shi rasit mai lamba, kwamiti na mutum uku ya kai kasuwa, ko Dawanau ko Gujungu ko Maigatari, a dawo da takardar ciniki, kuɗin ya shiga asusu a ranar ko washegari. Mai biyan tsaba ya tura da kansa daga asusunsa ko ta mai POS, a rubuta sunansa a bayanin turawa. Abin da ake nema shi ne takardar bayanin asusu ta nuna ƙananan kuɗi suna shigowa daga mutane da yawa cikin watanni, su yi daidai da littafin ma'aji layi bisa layi.

Ba dole kowa ya biya daidai ba. Ana iya yanka hannun jari, a ce kowanne naira 10,000, mai hali ya ɗauki 20, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki 3. Sai dai a rubuta iyakar abin da mutum ɗaya zai mallaka, a kuma tsaya a kan ƙa'idar gama kai ta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. In ba haka ba, wanda ya biya rabin kason shi zai riƙe makullin sito, kuma ba mai iya ɗaga masa murya. Mata masu adashi sukan fi maza cika alƙawarin zubi, kuma zubin mako-mako na wata shida ya fi sauƙi a kan kowa fiye da neman dubu ɗari a dunƙule.

Sai kuɗin nuni, wanda ya kamata a yi magana a kansa ba kwana-kwana. Shi ne a ari miliyan 4 wurin wani ɗan kasuwa, a zuba a asusu ranar Litinin, a buga takardar banki ranar Talata, a mayar masa ranar Laraba. Mai tantancewa da ya san aikinsa ba takardar rana ɗaya yake karɓa ba, ta wata shida ko shekara yake nema, kuma asusun da ya yi wata biyar da naira 12,000 sannan ya wayi gari da miliyan 4 daga mutum ɗaya ya tona kansa. Ko an tsallake wannan, shirye-shirye da yawa sukan sa a zuba kason a asusun aiki na musamman, ko a biya dila kai tsaye, kafin su saki nasu. Ranar nan ramin ƙarya ke ƙurewa. Idan dole sai an ci bashi, a ci shi a fili: babban taro ya amince, a rubuta a littafin taro, a tambayi shiri ko yana karɓar rance a matsayin kaso, a kuma san daga inda za a biya. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankuna irin su Jaiz da TAJ.

A bambanta kuma tsakanin kaso da na goro. Kaso asusun ƙungiya yake shiga, ko asusun da yarjejeniya ta ambata, da rasit. Duk wanda ya ce a tura masa a asusunsa don ya sa sunanku a gaba, ko ya zo sayar da fom a bakin kasuwa, a je ofishin shirin da ƙafa a tambaya. Ana iya farawa daga hukumar raya noma da karkara ta jiha, wato KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa, ko daga sashen gona na ƙaramar hukuma. Malamin gona na yankinku ya san ƙofar.

Haka nan a tabbatar tallafi ne ko jari mai juyawa. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, yana da asusun da ake ba al'umma su juya su mayar don wasu su samu. Wannan ba kyauta ba ce, kuma shugaban da ya faɗa wa mambobi kyauta ce shi zai sha bin bashi gida-gida.

Takardu da sauran sharuɗɗa

Rajista ce farko. Ƙungiyar gama kai tana yi ne a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, kuma dokar ƙasa ta 1993 ta sa mutum 10 a matsayin mafi ƙarancin mambobi, ta kuma ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribar shekara a matsayin ajiya. Ƙungiyar jin ƙai mai raba abinci ga mabuƙata kuwa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC take rajistar amintattu, banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Irin wannan ba ta raba riba ga mambobi, don haka masu niyyar saye da sayar da taki kada su bi ta nan. Sunan da ke kan satifiket shi ne zai kasance a asusun banki da hatimi da fom, harafi da harafi. An rubuta sunan gari a wannan, an manta shi a wancan, ya isa a mayar da fayil baya a rasa mako uku.

Asusu ya zama mai hannu biyu aƙalla, shugaba da ma'aji ko sakatare, kuma kada su fito daga gida ɗaya. A haɗa kundin tsarin ƙungiya, da littafin taro mai tarukan gaske, da rahoton kuɗi na shekarar da ta wuce. Littafin da aka cika a dare ɗaya da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya ba ya ɓoyuwa.

Jerin masu amfana shi ne abin da ya raba ƙungiyar rabo da sauran ƙungiyoyi, kuma nan ake samun maki ko a zubar. Kowane suna da lambar NIN mai lamba 11, da lambar wayar da ke aiki a hannun mai sunan, da ƙauye, da girman gona, da abin da yake nomawa. Yanzu kwamfuta ke tacewa: suna biyu da waya ɗaya, ko NIN da ta fito a jerin wata ƙungiya, sai ta zubar da su, wani lokaci har da fayil ɗin gaba ɗaya. Sunan da ke NIN ya saɓa da na BVN, a gyara tun da wuri, don gyaran na cin lokaci. Shirye-shirye da yawa suna ware gurbi ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman. A sa su da gaske, a kuma ba su kujera a kwamiti, don masu ziyara sukan keɓe mata su tambaye su nawa suka zuba, wa ke riƙe da kuɗi.

Mai sayar da taki yana buƙatar izinin sayarwa a ƙarƙashin dokar ingancin taki ta 2019. Iri a saya daga kamfanin da hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, ta yi wa rajista, da tambarinta a jikin leda. Maganin feshi ya kasance da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Takardun farashi a karɓo uku daga 'yan kasuwa daban-daban masu shago da adireshi, kowacce da kwanan wata da tsawon lokacin da farashin zai tsaya. Uku daga hannun mutum ɗaya da sunaye uku tsohuwar dabara ce, an san ta.

Ranar da za a zo duba sito

Tirela ɗaya buhu 600 ce mai kilo 50, tan 30 ke nan. Ɗaki mai mita 6 a faɗi da 8 a tsawo zai ɗauke ta har da hanyar wucewa, idan an jera buhu 15 a tsaye. Kada jeri ya wuce 20, don na ƙasa kan dunƙule ya zama dutse. Buhu ba ya taɓa daɓe ko bango: gadon katako a ƙasa, tazarar kamu guda ko fiye daga bango. Yuriya na shan danshin iska, buhun da ya huje a Agusta kafin mako ya fara narkewa, saboda haka mai dubawa zai ɗaga kai ya nemi hasken rana ta jikin kwano, ya kuma duba gindin bango ko akwai tabon ruwa. A yankunan da ambaliya ke shiga, kamar bakin kogin Haɗeja, tsayin daɓe daga ƙasa shi za a fara tambaya. Iri da hatsin ci ba sa kwana ɗaki ɗaya da taki da maganin feshi. Makulli biyu, a hannun mutum biyu.

Rabo da rahoto

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tallafi kashi-kashi ake sakinsa, kuma ba a ba da na biyu sai an kawo bayanin na farko da rasitai. Kuɗin da aka rubuta na kwano ba a sayen taki da shi, ko da taki na shirin tashi, sai da izini a rubuce. Akanta ba ruwansa da kyawun dalili. Abin da ya saɓa wa kasafi sai ya ce a mayar.

Idan mota ta iso, a ƙirga buhu a gaban direba kafin a sa hannu a takardar rakiyar kaya. A zaɓi buhu ɗaya cikin kowane 20 a ɗora a sikeli, a duba ɗinkin baki ko an farke an sake. Abin da ya gaza a rubuta a jikin takardar nan take, direba ya sa hannu, don bayan mota ta bar gari ba mai sauraron ƙorafi. A liƙa jerin sunaye a ƙofar dagaci da bakin masallacin Juma'a kwana uku kafin rabo, mai magana ya yi tun kaya na sito. Ranar rabo kowa ya zo da kansa da katinsa, ya dangwala a gaban sunansa, da wakilin dagaci da malamin gona a wurin. Wanda ya aiko ɗansa, a rubuta sunan ɗan da dalili. Mutum ɗaya ya zo da kati 15 ya ce na 'yan unguwarsu ne, a ce su zo. Buhun tallafi da aka gani a kasuwa washegari, sunan ƙungiya zai ɓata, ba na wanda ya sayar ba.

Lokaci ma sharaɗi ne ko ba a rubuta ba. Takin damina da ya iso a ƙarshen Agusta ya makara wa gero da dawa, irin alkama da ya wuce tsakiyar Disamba kuma zafin Maris zai tarar da shi bai gama cika ido ba. Idan kuka ga kuɗin zai makara, ku rubuta wa shiri ku nemi a ɗaga sayen zuwa noma na gaba, maimakon ku cika sito da kayan da za su kwana wata takwas.

Akwai kuɗaɗen da tallafi ba ya biya, kuma ba sa cikin kaso: 'yan dako, mai gadi, man keke, cajin banki, kuɗin motar sakatare zuwa Dutse ko Kano. A yanka ɗan ƙari a kan kowane buhu, babban taro ya amince, a sanar da shiri, a rubuta a jikin rasit don kada a ce an yi coge. A ciki a sa na gyara da sauyin kayan aiki. Fadama III ta nemi ƙungiyoyi su riƙa ajiye kashi 10 na darajar kayan aikinsu duk shekara, kuma ma'auni ne mai kyau har yau. Kayan miliyan 3 na buƙatar naira 300,000 a shekara. Ƙungiyar da ke raba tirela biyu, buhu 1,200, naira 250 ce a kan kowane buhu. A buɗe mata asusu na daban wanda ba a taɓawa don biki ko ta'aziyya, a kuma riƙa karanta abin da ke cikinsa a kowane babban taro.